Mu Huɗu Munka Gani

Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Aikina allo da alli, ban taɓa gina rijiya ba. Amma yau maganar rijiya za ni yi muku, don akwai abin da ya faru gaban idona, kuma ina da laifi cikinshi.

A ranin 2019 anka tura ni wani ƙauye cikin jihar Maraɗi. Ajina rumfar kara ce, bayan gidan maigari. Mutum 23 ke zuwa bayan la'asar. Cikinsu akwai wani dattijo, shi ne babban magina rijiya na wannan karkara. Ya fi shekara 40 cikin sana'ar. Shi da ɗanshi da yaran aikinshi duk sun ba da sunansu. Ya ce mini abin da ya kawo shi ɗaya ne: shina son shi iya rubuta bashin da shike bin mutane, don masu rijiya sun cika mantuwa in ruwa ya fito. Muna ce mishi Baba. Shi kuwa shina ce mini Mushe. Kullum gaba shike zama, dab da allo.

Rijiyar garin ta siminti ce, irin wadda OFEDES ta gina zamanin iyayenmu. Faɗinta metir 1 da santimetir 80, zurfinta gaba 15. Da watan Afrilu ya kama, ruwa ya ja baya. Mata na kwana bakin rijiya, guga na fitowa da laka. Sai maigari ya kira Baba a yashe ta.

Ran yasa na tafi kallo, tunda ba ni da aji da safe. Ɗan Baba ne ya shiga. Shina cika babban bokiti da laka, mutum biyu na ja daga sama, wani yaro na kwashewa shina zubarwa nesa. Igiyar ta roba ce, mai tufka uku. Tana bi ta kan wani gungume da anka gitta bakin rijiyar. Ina tsaye ina kallo, sai na ga wani wuri jikin igiyar ya yi gashi-gashi. Tufka ɗaya ta cinye, saura biyu. Duk lokacin da wurin ya zo kan gungumen, sai in ga ya ƙara buɗewa.

Na buɗe baki, na rufe. Na ce cikin raina: ni baƙo ne, an kuwa ce baƙo makaho ne ko da idonshi biyu. Mutumin nan ya gina rijiya tun ba a haife ni ba. Ni da hannuna bai san komi ba sai alli, in tsaya gaban jama'a in koya mishi igiya? Na ce lalle ya gani, ya san za ta kai. Na yi shiru.

Bokiti na tara ne ko na goma, ban riƙe ba. Ya taso kamar gaba 3 sai igiya ta tsinke. Mun ji ƙara daga ƙasa, munka ji ihu ɗaya, sannan shiru.

Abin da ya biyo baya ya fi tsinkewar muni. Da wannan igiyar ɗan Baba ya sauka, babu wata jikinshi, babu wata a sama. Sai da anka ruga rugar wasu makiyaya anka aro igiyar da suke shayar da shanu. Wani ya sauka ya ɗaure shi, anka jawo shi. Allah ya sa bokitin bai same shi a kai ba, kafaɗar dama ya sama. Munka ɗora shi kan amalanke zuwa gidan likita, daga can anka wuce da shi Maraɗi. Ƙashi ya karye wuri biyu. Daminar wannan shekara bai riƙe hauya ba. Gidansu sun sayar da awaki 3 da ɗan maraƙi. Kuma hannun da ya fara rubuta sunanshi da shi ke nan.

Kwana 3 ban buɗe aji ba. Na ce ma mutane don alhini ne. Gaskiya kuwa ba ni iya duban Baba.

Ran na huɗu munka taru. Baba ya zo, ya zauna wurinshi. Na ɗauki alli, na kasa rubuta komi. Sai na aje shi na ce: "Baba, ka gafarce ni. Na ga igiyar nan ta cinye tun kafin ta tsinke. Kunya ta hana ni magana."

Rumfa ta yi tsit. Can sai yaron nan mai kwashe laka, ɗan shekara 15, ya ce daga baya: "Ni ma na gani. Na ji tsoro a ce mini yaro mai baki." Ɗaya cikin masu jan igiya ya sunkuyar da kai ya ce shi ba gani kaɗai ya yi ba, cikin tafin hannunshi wurin ke wucewa. Amma bara ya taɓa cewa bakin wata rijiya bai yi mishi ba, anka yi wata guda ana ce mishi matsoraci. Na huɗu magidanci ne, mai faɗa a ji cikin gari. Shi ya fi mu duka ƙarfin hali, don dalilinshi ya fi ciwon faɗi. Ya ce: "Na san in na yi magana, ni za a ce in sayo sabuwa."

Mu huɗu munka gani. Ido takwas. Kowa na jiran wani shi fara.

Baba ya daɗe bai ce komi ba. Sannan ya ce: "Da kun faɗa mini, da na zage ku. Na san halina." Ya ƙara yin shiru. Ya ce: "Mushe, ka san abin da ya sa nike zama dab da allo? Shekara biyu ke nan idona ya rage. Ban faɗa ma kowa ba, don kada a daina ba ni aiki. Ni ban ga igiyar ba."

Tun muna yara ake faɗa mamu cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi. Ba ni musu da wannan wajen zaman duniya. Amma bakin rijiya dabam ne. Wanda ke ƙasa, ko shekararshi 100, ba shi ganin tsagar da ke bakin rijiya. Ba shi ganin dutsen da ƙafar wani ta kusa turowa. Abin da shike gani ɗan farin sama ne kamar faifai. Ranshi na hannun na sama, ko da na saman jikanshi ne. In na sama ya gani ya yi shiru don ladabi, to wannan ladabi bai amfani kowa ba.

Wani cikin aji ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba shi kankaruwa. Limamin gari na cikin ɗalibaina, boko ya zo nema a kan karatunshi. Shi ya ba shi amsa, ba ni ba. Ya ce gaskiya ne, amma addini bai ce ka saki raƙuminka ba ɗauri ka ce ka dogara ga Allah ba. Ya ce wanda ya ga cuta za ta sami ɗan uwanshi ya yi shiru, za a tambaye shi.

Darasin wannan rana bai fito cikin littafi ba. Na rubuta kan allo da manyan baƙaƙe: KOWA NA IYA CEWA A TSAYA. Munka karanta shi gaɓa gaɓa, kowa ya kwafa cikin kayenshi. Rubutun bai ɗauki rabin awa ba. Gardamar kuwa sai da ta ci maraice biyu.

Kowa, har yaro? Har mace da ta zo ɗibar ruwa? Har baƙo mai wucewa? Wasu sun ce in haka ne aiki ba shi ƙarewa, kowane rago sai shi ce a tsaya don shi huta. Tambayar da ta fi wuya ita ce: in mutum ya ce a tsaya, anka duba, anka ga babu komi fa? Baba ne ya yanke. Ya ce ba a zaginshi, ba a yi mishi dariya, ba a rage mishi ko dala cikin kuɗin yini.

Faɗi da baki ba wuya. Mako 3 bayan haka anka gwada shi. Suna gina wata sabuwar rijiya, ta kai gaba 6, sai yaron nan ya yi ihu a tsaya, ya ga ƙasa na zuba daga gefe. Anka jawo na ƙasa da gaggawa. Da anka duba, ashe ƙadangare ne ya fito daga rami. Mutane sunka fashe da dariya. Yaro ya rasa inda za shi sa kanshi. Baba bai yi dariya ba. Ya kira shi gaban kowa, ya ciro dala 20 ya ba shi, ya ce: "Gobe ma in ka ga ƙadangare, ka faɗi." A ganina wannan dala 20 ta fi duk abin da na rubuta kan allo aiki. Da Baba ya yi dariya ran nan, da yaron bai ƙara buɗe baki ba har abada, da sauran ma sun koyi darasi.

Daga nan sauran abubuwa sunka biyo, su da kansu sunka fito da su. Igiyar mutum dabam, ta bokiti dabam. Ta mutum ba a kwance ta daga jikinshi sai ya fito, kuma ba ƙarƙashin hamata kaɗai ake ɗaura ta ba, don wanda ya suma sai shi zame. Ana bi da ita ta ƙugu da cinyoyi da ƙirji. Ba a cika bokiti har baki. Ba a barin dutse ko dagi ko felu cikin taki biyu daga bakin rijiya. Na ƙasa shina sa hular kwano, irin ta masu babur, in bokiti ya tashi shi manne jikin bango. Sun kuma buɗe asusu, duk aikin da anka biya su sai a cire wani abu don igiya. Magidancin nan shi ya fara zuba jika 2.

Akwai wata cuta cikin rijiya da ta fi igiya haɗari, don ita ba a ganinta. Ita ce mugunyar iska. Magina sun san ta tun kaka da kakanni, wasu na cewa aljanun rijiya ne. Na tafi na tambayi majo na gidan likita, ya yi mini bayani, ga shi kamar yadda na kai ma ɗalibaina.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 ne kaɗai ke rayar da mu. Sunan wannan kashi okisijen. Cikin rijiya mai zurfi, ko wadda ta daɗe rufe, ganye da shara na ruɓewa, suna fitar da wata iska mai suna gaz karbonik. Ta fi iskar sama nauyi, sai ta kwanta ƙasa kamar ruwa cikin kwatarniya, ta kore mai kyau. Mutum na sauka cikinta sai jiri, sai suma. In ƙwaƙwalwa ta yi minti 4 zuwa 6 babu okisijen, ta fara lalacewa. Shi ya sa iyayenmu ke zura fitila mai wuta kafin kowa shi sauka. In wuta ta mutu, ba a shiga. Yanzu duk mun koma tocila mai batir, ita kuwa ko cikin kabari ci take. Ku koma ga kyandir cikin gwangwani. In ya mutu, a ɗaure damin ganye ko buɗaɗɗiyar laima ga igiya, a yi ta sama da ƙasa har iska ta sake, a ƙara gwadawa. Amma kada a zura wuta inda fetur ya zuba, ko cikin salga, don iskar nan tana kamawa.

Kyandir kuma ba shi ganin komi da komi. Wannan mun gan shi a ranin 2020, cikin fadama.

Wani ɗalibina na da garkar albasa. Ruwan rijiyarshi ya yi ƙasa. Injin ban ruwa ba shi iya tsotso daga zurfin da ya wuce metir 7 ko 8, don haka ya yi abin da masu garka da yawa ke yi: ya ɗaure injin da igiya ya zura shi cikin rijiyar, shina aiki can ciki. Da tiyo ya toshe, ya kashe injin, ya ce za shi sauka shi gyara. Yaran Baba na aiki kusa. Sunka ce shi dakata. Ya ce albasa na ƙonewa, minti biyu ne. An zura kyandir, bai mutu ba. Ya ce kun gani? Abu ɗaya ya yarda da shi, shi ma da ƙyar: a ɗaura mishi igiya.

Al'adar da sunka kafa ita ce mai riƙon igiya ba shi yin wani aiki, ba shi hira, ba shi duban salula. Jim kaɗan sai shi kira: "Kana lafiya?" Na ƙasa shi amsa. Kira na fari ya amsa. Na biyu ya amsa da wata murya kamar mai barci. Na uku babu amsa. Ba su tsaya shawara ba, mutum huɗu sunka kama igiya.

Nan ne ƙanen mai garka ya zo a guje, ya sa ƙafa za shi sauka. Ɗan Baba, mai karyayyar kafaɗa, ya rungume shi da hannun hagu, sunka faɗi tare cikin albasa. Yaron na kuka shina zagi, shina cewa a bar shi, yayanshi ne. Ba a bar shi ba. An fito da mai garka a some, anka kwantar da shi ta gefe cikin sarari, anka sassauta mishi riga. Ya farfaɗo da amai da ciwon kai, anka kai shi gidan likita.

Hayaƙin inji na da wata guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ko hayaƙin da ido ke gani ya watse, ita tana nan cikin rami. Wuta na ci cikinta lafiya lau. Jini kuwa ya fi kama ta fiye da okisijen, sai mutum shi ji kasala, ƙafa ta mutu, ba shi ko iya kiran taimako. Rijiyar da inji ya yi aiki cikinta, ba a shiga sai an fitar da injin, an kaɗa iska, an bar ta ta daɗe buɗe.

Da ƙanen nan ya sauka, da mutum biyu za a jawo, ɗaya ba igiya. Ba mu kaɗai ke da wannan hali ba. A ƙasar Amurka, a 1986, ma'aikatar da ke binciken lafiyar ma'aikata ta yi gargaɗi cewa cikin mutum 10 da ke mutuwa a rami ko tanki ko wuri mai ƙunci irin wannan, fiye da 6 masu zuwa ceto ne. Zuciya ce ke tura su, kuma zuciya mai kyau. Wani lokaci kula da ɗan uwa shi ne ka riƙe shi da ƙarfi shina zaginka. Wanda ke kusa da birni shi kira ƴan kwana-kwana, lambarsu 18. Mu na ƙauye, igiyar da anka ɗaura tun fari ita ce ƴan kwana-kwananmu.

Ba magina rijiya kaɗai nike ma wannan magana ba. A 2021 zinariya ta fito wajen Ɗan Isa, kusa da iyakar Najeriya, dubban mutane sunka kwarara can. Ran Lahadi 7 ga watan Nuwamba na wannan shekara ramuka sunka rufta a Garin Liman, aƙalla mutum 18 sunka rasu. Allah ya jiƙansu. Samari biyu daga ajina sun tafi can kafin abin shi faru, sun dawo lafiya, hannu wofi. Na tambayi ɗaya wa ke riƙe mishi igiya. Ya ce wani ne, bai san sunanshi ba, ran nan sunka haɗu. Ya ce in anka yi ihu wani rami ya samu, sai na sama shi tafi kallo shi bar ka.

Ba ni hana kowa neman arziki, na san abin da ke fitar da saurayi daga gida in rumbu ya ƙare. Amma ku san nauyin abin da kuke shiga ƙarƙashinshi. Ƙasa mai tsawon metir 1, faɗin metir 1, zurfin metir 1, ta fi buhu 10 na gero mai kilo 100 nauyi. Babu ƙaton da ke ture wannan daga ƙirjinshi. In dole sai kun tafi, ku tafi ku biyar ku shida ƴan gari ɗaya, waɗanda in wani abu ya sami ɗaya, sauran ne za su tsaya gaban uwarshi. Ku da kunka iya rubutu, ga amfaninshi: ku sa kaye bakin rami, duk wanda ya sauka a rubuta sunanshi, in ya fito a soke. Kada kowa shi tafi cin tuwo da sauran suna ɗaya ba a soke ba.

An ɗauke ni daga wannan ƙauye, amma ina kai musu ziyara. Ba komi ya gyaru ba. Asusun igiya wani lokaci babu ko dala ciki, kuma akwai magina na wani gari da ke karɓe musu aiki don sun fi sauri da araha. Baba ya daina sauka. Kowace safiya sai shi zauna kan turmi, a miƙa mishi igiya, shi bi ta da yatsu daga wannan kai zuwa wancan, idonshi rufe. Ɗanshi ba shi iya ɗaga hannun dama sama da kafaɗa, amma shina rubutu da shi. Shi ke riƙe da kayen ƙungiya. Ya nuna mini shafin da shike sa ranar da anka sayi kowace igiya, da wani shafin na masu bashi, wanda ya fi tsawo.

Zuwana na ƙarshe na iske su suna yasar rijiyar nan ta gari. Na matsa bakin don in leƙa in gaida na ƙasa. Sai wata yarinya, ba ta fi shekara 10 ba, da tulunta a gefe, ta ce: "Mushe, a tsaya! Ja da baya, bik ɗinka za shi faɗa kanshi."

Na duba aljihun rigata. Gaskiyarta, ya fito rabi. Na ja da baya taki biyu, na cire shi na sa cikin jaka.